Surukina da Dodon Koɗin Lambunsa

Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa. Surukina ya rasu ranar wata Talata a tsakiyar bazarar bana, bayan an idar da sallar Azahar, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu don na riƙe alƙalami ba. Baba nake ce masa. Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar ya san wanda nake nufi, dattijon nan da ke ɗaure buhun ɓawon itace a bayan keke, yana tafe yana gaida kowa, har da wanda bai amsa masa ba jiya.

Kwana ukun farko na zaman makoki ina bakin murhu, amma kunnena yana ƙofar gida. Mutane sun zo daga Maigatari da Gagarawa, wasu ma daga tsallaken iyaka, dangin mahaifiyarsa na ƙasar Damagaram. Abin da na lura da shi, in mutum ya gama addu'a ya shafa, maganar da za ta biyo baya ta bishiya ce. Wannan ya ce mangwaron tsakar gidansa a gwangwanin madara Baba ya miƙo masa shi. Wancan ya ce gwaibar da jikokinsa ke faɗa a kanta daga lambun Baba ta fito. Liman ya ce darbejiyar da ake sallah a inuwarta in masallaci ya cika, Baba ne ya dasa ta, kuma sai da ya shekara uku yana yaƙi da awaki kafin ta fi ƙarfinsu. Baffa, ƙanin Baba, wanda ya tsufa yana cewa ɓawon nan wata rana sai ya jawo mana maciji cikin gida, shi ya fi kowa kuka. Cewa yake yi shi yanzu da wa zai yi musu.

Ranar sadakar uku, da hantsi, sai ga wata Bafulatana mai sayar da itace ta yi sallama da buhu a ka. Ba ta ji labari ba, rugarsu da nisa. Ta sauke buhun a tsakar gida, ta ce a gaya wa tsoho ta kawo masa ɓawonsa, tun kasuwa biyu take tara masa. Inna, matar Baba, ita ce ta faɗa mata. Matar nan ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan buhun ta daɗe tana kallon ƙasa. Da aka ce ta koma da shi ko ta sami na hura wuta, sai ta ƙi. Ta tambayi hanyar lambu, ta shiga da kanta ta juye shi a gindin danga, ta kaɗe buhunta ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Ni kuwa matan da suka zo gaisuwa sai cewa suke yi wannan ai ba suruka ba ce, 'ya ce, don sun ga idona bai bushe ba. Na bar su a haka. Abin da ba su sani ba, shekara ashirin da huɗu na yi a gidan nan da magana ɗaya tak a maƙogwarona, in ce masa ya yafe mini. Na yi masa ɓarna tun ina amarya, irin wadda ba ta gyaruwa, kunyar surukuta kuma ta ɗaure mini baki. Tsorona kullum shi ne kada ɗayanmu ya shiga ƙasa maganar tana nan yadda take. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san wane irin mutum muka rasa, kuma ba zan iya faɗinsa ba sai na haɗa da nawa abin kunyar.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi zalla. Ka zuba ruwa, kafin ka juya ya shanye kamar ba a yi ba. Rijiyar garin a lokacin sai an haɗa igiya biyu ake taɓa ruwa, famfon tuƙa-tuƙa kuwa bai zo ba tukuna. A irin wannan wuri Baba ya kewaye wani fili a bayan gida da danga, yana rainon dashen itatuwa yana rabawa kyauta. Mutane suna cewa hannunsa ke da albarka. Albarka kam akwai, amma akwai ɓawon itace kuma. Ran kasuwar Maigatari, in sauran dattawa sun nufi kara kallon shanu da raƙuma, shi wajen masu itace da masassaƙan turmi yake nufa, ya tsuguna yana tattara ɓawo da ɓarɓashin sassaƙa da suka zubar. In ya kawo gida sai ya jiƙa, ya farfasa, ya shimfiɗa a gindin kowane dashe kaurin yatsu huɗu. Da wannan shimfiɗar, gwangwani ɗaya na ruwa da safe yana riƙe dashe har wata safiyar, ko da rana tana dafa ƙwai. Alwalarsa ma ba ya yin ta a banza: kowace sallah da dashen da yake tsugunawa a kansa. Inna takan ce ita dai Allah ya haɗa ta da mutumin da ke kawo itace gida ya hana a tuƙa tuwo da shi.

Watana biyu da tarewa aka aiko cewa kawun Baba ya rasu a can wajen Magarya. Suka shirya shi da Inna, za su zauna har sadakar bakwai. Maigidana a Gumel yake aiki, sai Juma'a yake zuwa, ko ya zo ma lambu ba ya gabansa. Da za su fita Inna ta kira ni ta ba ni sallahu: kowane dashe gwangwani ɗaya, da sassafe, musamman guda bakwai ɗin nan na kusurwar gabas. Ba ta ce mini komai game da ɓawo ba, don a ganinta wannan abu ne da ko ɗan yaye ya sani.

Guda bakwai ɗin nan lemun tsami ne. A lokacin ban san tarihinsu ba. Daga bishiyar gidan da aka haifi mahaifiyar Baba suka fito, a wani ƙauye na tsallaken iyaka da mutanensa suka watse. Bayan rasuwarta Baba ya je ya tsinko 'ya'yan, ya shuka, ya shekara biyu yana rainonsu har sun kai masa gwiwa.

Ni kuma 'yar Gagarawa ce, tarbiyyar uwar da ke cewa mace a tsakar gidanta ake gane ta. A gidanmu in ka share wuri sai an ga sawun tsintsiya a ƙasa. Safiyar farko na shiga lambu da bokiti, sai na ga bola a gindin kowace bishiya. Na ce a raina ashe tsofaffin nan ba su da mai yi musu shara. Na kai hannu na ɗaga wani ɓawo, sai ga dodon koɗi sun yi cincirindo a ƙarƙashi, manya da ƙanana, ga wasu irinsu ma da ba su da katantanwa, tsirara, sai yauƙi suke ja. Na koma na ɗauko tsintsiya da kwando, na kwashe ɓawon nan kaf na jibge a bakin murhu, na share lambu ƙal. Dodon koɗin kuma na yi musu abin da na ga ana yi wa ƙwaro mai yauƙi: na ɗebo gishiri cike da tafin hannu ina barbaɗa musu suna kumfa, na bi da ruwa. Inda suka fi yawa, nan na fi zubawa, wato gindin lemukan, don nan Baba ya fi kaurara shimfiɗa. Kwana biyu ina girki da ɓawon nan, ina jin daɗin yadda yake ci, ina hango irin albarkar da za a sa mini.

A kwana na uku ganye ya fara nannaɗewa. Na tsorata, na shiga ƙara ruwa da tsakar rana a kan rairayi mai zafi, na dinga bin layin rijiya har kafaɗata ta sage. Garin gyaran gira na rasa ido. Ran da suka dawo, darbejiya da zogale sun sha wuya amma da ransu. Lemukan nan bakwai kuwa sun zama tsinke.

Ko ruwan sannu da zuwa Baba bai sha ba ya wuce lambu. Ina leƙe ta kafar zana. Ya tsaya a kusurwar gabas, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya murza, sannan ya ɗan taɓa a harshensa. Ya daɗe a tsugune. Da ya fito Inna ta riga ta ga tarin toka a murhu ta gane komai, ta ɗaga murya za ta fara, sai ya ɗaga mata hannu.

"Ni na yi tafiya ban bar cikakken sallahu ba," in ji shi. "Amarya ba ta laifi."

Inna ta ce, "Ko ta kashe ɗan masu gida. Ai kuwa ta kashe."

Baba ya ɗauki buta ya fita masallaci. Da damina ta wuce ya sake tsallaka iyaka neman iri, ya tarar bishiyar ta mutu an sare ta, gidan ya zama gonar gero. Inna ce ta gaya mini wannan bayan shekara guda, ba don ta ɓata mini rai ba, hira ce ta kawo. Daga nan har ya koma ga Allah Baba bai sake dasa lemun tsami ba.

Kada a ce ban nemi hanya ba. Na aika Inna, ta dawo ta ce ya ce babu komai. Na aika maigidana, ya ce mini tunda Baba bai tada maganar ba ni ma in bar ta. Amma "babu komai" ta bakin ɗan aike daban, "na yafe" ta bakin mai haƙƙi daban, kuma a Islamiyya an karantar da mu cewa haƙƙin wani ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Sai dai wanda bai san surukuta irin tamu ba zai ga abin da sauƙi. Tsakanina da Baba gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na wucewa ta inda yake zaune da takalmi, in zan ba shi abu sai in ajiye in ja da baya. Sau uku ina shirya maganar tun daga ɗaki, ranar Sallah sau biyu, sau ɗaya kuma da zai tafi aikin Hajji, lokacin da kowa ke neman gafarar kowa. In na durƙusa sai in ji bakina ya ce "Barka da Sallah" ko "Allah ya kiyaye hanya", ya tsaya a nan.

Shi kuwa ashe ya sami tasa hanyar. Da daminar farko bayan ɓarnar, wata safiya ina wanke-wanke a jikin dangar lambu, sai na ji ya yi gyaran murya a ciki, ya fara magana da ƙarfi kamar mai yi wa kurma bayani.

"Malam dodon koɗi, ni da kai ba gaba. Da bazara kai ne ma'aunina. In na ɗaga ɓawo na ga ka toshe bakin gidanka, na san ƙasa ta bushe, in ƙara ruwa. In na ga ka fito da ƙahonka, na san ta ƙoshi. Amma da damina ɓarawo ne kai, toho kake cinye mini. Saboda haka zan ja ɓawo baya taƙi ɗaya daga gindi, in kewaye da toka. Gishiri kam ba na sa maka, don in ya gama da kai saiwa yake nema."

Wannan ne karo ɗaya tilo da na ji kalmar gishiri ta fito daga bakinsa a kan maganar, kuma ba da ni yake ba, da dodon koɗi yake. Da farko na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Sai na lura in ba ni a wurin lambu shiru yake, in kwanukana suka yi ƙara a jikin danga sai wa'azi ya tashi. Ta bakin dodon koɗi na koyi cewa ɓawon da aka ɓamɓaro daga busasshen itace ake sawa, ɗanye sai ya sha rana tukuna. Ta nan na ji cewa in ɓawo ya manne da jikin dashe gara za ta hau, sai an bar masa wuya a buɗe. Ta nan na san yadda ake kife jiƙaƙƙiyar sakaina a tsakanin kunyoyin shuka da yamma, a zo da safe a tarar sun taru a ƙarƙashinta a kwashe. Manyan yakan zuba wa agwagi, ƙananan ya mayar da su gindin tsamiya inda ba su da abin ɓatawa, ya ce su jira bazara akwai aiki. Marasa katantanwar nan kuwa 'yan tsirara yake ce musu, su ba ya ɓata bakinsa a kansu, agwagi kawai yake kira.

Sannu a hankali na fara shiga lambun in ya fita. In ja ruwa, in gyara shimfiɗa inda kaji suka tona, in kwashe na ƙarƙashin sakaina. Gaskiya ba son shuka ne ya kai ni ba, nauyin da ke zuciyata ne. Ina ganin ko da ban iya faɗa da baki ba, wataƙila hannu ya faɗa. Bai taɓa nuna ya san da ni ba, sai dai na fara tarar da bokiti na biyu a rataye a bakin ƙofa. Da shekaru suka ja, har ta kai mukan haɗu a ciki, shi a wancan gefe ni a wannan, kowa ya ba wa ɗaya baya. In na cika wa gwaiba ruwa sai in ji ya ɗauki wani dodon koɗi ya ce masa, "Ka gaya wa mai ban ruwa gwaibar nan ta ƙoshi." Inna kan yi dariya har da hawaye, ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ƙwaro ke kai saƙo ba. Ko bayan na fara koyarwa a firamaren garin, kafin in tafi sai na zaga lambu, kuma rabin abin da nake gaya wa ɗalibaina game da shuka daga wannan makarantar na samo shi.

Baba ba mala'ika ba ne, kada masu karatu su ɗauka mutum ne marar fushi. Wata shekara da damina ta yi ƙarfi dodon koɗi suka yi yawa, maigidana ya sayo wani magani mai kama da ƙwayar hatsi daga Gumel, ya kawo da murnarsa. Baba ya juya ledar a hannu, ya tambaye shi in dodon koɗi ya ci wannan wa zai ci dodon koɗin. Maigidana ya ce agwagwa. Baba ya ce to wa zai ci agwagwar? Bai tsaya nan ba, sai da ya wanke shi tas a gaban ƙannensa, ya ce boko bai ƙara masa komai ba sai gaggawa. Maganar ta yi tsauri, kuma ni shaida ce ta daɗe tana yi wa ɗansa ciwo.

Wanda ya fi shan zafinsa shi ne wani mai maganin gargajiya da ya zo ya sassaƙe maɗacin da ke hanyar maƙabarta. Al'adar masu sassaƙe ita ce a ɗebi gefe ɗaya a shafe wurin da laka, shi kuwa ya zagaye bishiyar duka don ya cika jaka. Baba ya tarar da shi a kai. Ya riƙe masa jaka, ya ja shi har ƙofar mai gari yana faɗa, rawaninsa na warwarewa bai ma sani ba. Ya sa mutumin ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin da hannunsa, duk da haka maɗacin bai kai bazara ba. Har mutumin ya daina zuwa garin, in an ambace shi Baba sai ya kau da kai. Mutane sun yi ta ba da labarin suna dariya. Ni ban yi dariya ba. Cewa na yi, wanda ya yi wa baƙo haka a kan bishiyar da ba ta kowa ba, me ke kwance a zuciyarsa game da wadda ta kashe masa abin tunawa da uwarsa? Shirun nasa ya fi mini faɗan nauyi.

Ga kuma alherin da ya fi kowane sa ni kuka. Da ina da cikin fari, babu abin da ke zama mini a ciki sai abu mai tsami. Ban gaya wa kowa ba sai Inna. Ran kasuwar Gumel da yamma na fito, sai na ga ƙullin tsumma a bakin ƙofar ɗakin girki, na kwance, lemun tsami ne guda goma sha. Haka aka yi ta yi duk mako har na haihu. Ba a taɓa ce mini ga wanda ya ajiye ba, amma ƙullin irin na bakin buhun ɓawo ne, ba mai yin sa a gidan sai mutum ɗaya. Ku duba fa, mutumin da na raba da lemonsa shi ke hawa keke cikin rana ya sayo mini na kasuwa. Ina matsawa a koko ina hawaye, Inna na cewa laulayi ne.

Bara idonsa ya fara rauni, ƙafa ma ta ƙi. Ya daina hawa keke, sai dai a kai masa tabarma bakin lambu ya zauna yana jin motsina. Da bazarar bana ta shigo ya kwanta. Aka kai shi asibiti a Gumel, aka dawo da shi, likita ya ce a dai ci gaba da addu'a. Kowa a gidan ya gane. 'Ya'yansa suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, ina jin su daga tsakar gida, yana amsa musu da muryar da ta koma ƙarama. Ni kuwa abinci ya daina shiga mini. Ina ganin ƙofar tana rufewa a gabana, amma in na doshi ɗakin sai ƙafata ta kai ni wajen randa.

Ranar Lahadi bayan La'asar Inna ta dama kunu, ta miƙo mini, ta ce bayanta ya riƙe in kai masa. Na dube ta, ta kau da kai ta ce in yi sauri kada ya huce. Bayan nata lafiyarsa ƙalau, ta dai gaji da kallona ne.

Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa, na tura kwanon ciki. Yana kishingiɗe, fuskarsa na kallon bango. Na ce a raina yau ko kunya za ta kashe ni sai dai ta kashe ni.

"Baba," na ce, "lemukan nan bakwai. Ni ce na zuba musu gishiri. Ka yafe mini don Allah."

Sai ya juyo a hankali, ya fuskanci inda muryata take. Tun da na shigo gidan nan bai taɓa fuskantata da magana ba sai ranar.

"'Yata," in ji shi, "tun kafin in tashi daga tsugunnon nan na yafe miki. Allah shaida ne."

Na kifa kai ina kuka, na yunƙura zan tashi, sai ya ce in zauna bai gama ba.

"Ni ne da neman gafara. Na san kina jiran ki ji daga bakina, kuma ina da hanyar da zan isar miki. Na ƙi. 'Ya'ya tara na haifa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji yadda ake rainon bishiya. Ke kika tsaya. Na ga damuwar nan ce ta kawo ki lambu, sai na ji tsoron in na sauke miki ita ki koma ɗaki in rasa mai ji. Na bar ki da kaya shekara da shekaru don son raina. Ki yafe mini."

Ban taɓa tsammanin wannan ba. Duk shekarun nan ina ɗauka fushi yake ɓoyewa, ashe kaɗaici ne. Na ji tausayinsa ya rufe ni, na ji kuma godiya, don da ya sallame ni tun farko lallai da na koma ɗaki, da kuma ban san komai ba daga abin da na sani yau. Na buɗe baki da ƙyar na ce na yafe, a can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba," in ji shi. "Kunnen ya tsufa."

Kunnensa ras yake, duk gidan an san haka. Na ɗaga kai, na ga yana murmushi da bakinsa marar haƙora. Sai na faɗa da ƙarfi, yadda suruka ba ta taɓa ɗaga murya a ɗakin surukinta ba, har Inna ta jiyo daga tsakar gida ta saki salati.

"Na yafe maka, Baba. Na kuma gode."

Ya ce alhamdu lillahi, ya ce in matso masa da kunun. Ya sha kusan rabi, abin da ya kwana biyar bai yi ba. Wannan ita ce hirarmu ta farko, bayan kwana biyu kuma ya cika.

Ya Allah, bawanka ya zo maka babu haƙƙina a wuyansa, ni ma ya tafi bai bar nasa a wuyana ba. Ka yi masa sassauci fiye da wanda ya yi mini, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa shi. Mu da muka rage kuma, ka buɗe mana baki mu nemi gafarar juna tun masu amsawa suna ji.